Ku bar mutane su ba da labarinsu a taron bita

'Yan uwana matasan Damagaram, musamman ku da ƙungiyoyi ke ɗora wa jagorancin taron bita, ina da magana da ku.

Sai ku tara mutane daga unguwannin Birni, Zango, Garin Malam da Kara-Kara, ku kunna majigi, ku yi ta zuba Faransanci tun safe har azahar. Kowa ya sa hannu a takarda, ya karɓi kuɗin zama, ya tafi bai ko san sunan na gefensa ba. Wallahi asara ce. Samarin nan fa su ne masu raba dare suna hira a fada, wato majalisarsu ta unguwa, daga shayin farko har na uku. Me ya kulle bakinsu a gabanku? Ba ku tambaye su abin da ya same su ba.

In taron na zaman lafiya ne, kada ku tambayi ma'anar zaman lafiya. Ku raba su huɗu-huɗu, kowa ya ba da labarin ranar da ruwa ya ɗauke a unguwarsu da bazara, da wanda ya taimake shi da jarka. Babu ɗan Zinder da ba shi da wannan labarin. A nan ɗalibin jami'ar André Salifou da ɗan kabu-kabu za su gane sun taɓa bin layin famfo ɗaya, maganar da za ta biyo baya kuma ta gaskiya ce. In akwai dattijo, ku roƙe shi labarin ganuwar Sarki Tanimun, ko abin da ya ji daga iyaye kan mayar da babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Amma ku bar shi a ƙarshe, don in babba ya fara, yara ba sa ƙara cewa uffan.

Mai gatana ba ta farawa sai yara sun amsa mata. Ku ma ku fara samo sauraro: wayoyi cikin aljihu, ba katse magana, ba dariya.

Inda na fi jin tsoro shi ne amana. Bazawara ta faɗi yadda aurenta ya mutu, ko yaro ya faɗi yadda ya bar 'yan daba, gobe sai ga hotonsu a Facebook, ko sunansu a rahoton da za a tura wa masu ba da tallafi. Ku ji tsoron Allah. Tun kafin a fara ku yi alkawarin abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ku kuma cika. Wanda ya zaɓi shiru kada a matsa masa. In wani ya fashe da kuka, ku dakatar da jadawalin, a ba shi ruwa, a jira shi.