Ƙofar da aka buɗe da sunan lalura

Daren jiya a majalisarmu wani ƙanena, ɗalibin ilimi mai ƙoƙari, ya ce da ni: "Yaya, ai harin ƙunar baƙin wake mas'ala ce ta saɓani, akwai manyan malamai da suka halatta." Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Amma da maganar na kwana a raina.

Magabata ba su tattauna wannan abu da sunansa ba, tunda a zamaninsu babu bam. Abin da suka yi magana a kai shi ne mutum ɗaya ya kutsa cikin rundunar maƙiya alhali yana ganin da wuya ya fito da rai, kuma mafi yawansu sun yarda da hakan idan akwai amfanin da zai jawo wa Musulmi. Daga nan masu halattawa suka ɗauko hujja. Suna kawo Bara'u ɗan Malik a yaƙin Yamama, wanda ya ce a ɗaga shi a jefa shi cikin lambun da mutanen Musailama, mai ƙaryar annabta, suka fake, ya yi ta faɗa shi kaɗai har ya buɗe wa Musulmi ƙofa. Suna kawo yaron nan na ƙissar Ashabul Ukhdud da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya nuna wa sarki yadda zai kashe shi don mutane su yi imani.

To, a nan ni nake tsayawa. Bara'u bai soki kansa ba, makaman maƙiya ne suka yi masa raunuka tamanin da wani abu, kuma ya warke ya rayu bayan yaƙin. Yaron nan ma sarki ne ya harbe shi da kibiya, shi kuwa bai kashe kowa ba. Wanda ya ɗaura jigidar bam kuwa da yatsansa yake dannawa, mutuwarsa tabbas ce, kuma shi ne farkon wanda ya kashe. Ƙiyasi, wato auna sabon abu da wanda aka san hukuncinsa, ba ya tsayuwa idan akwai bambanci irin wannan tsakanin abubuwan biyu.

Annabi (SAW) da kansa ya raba mana gardamar a kan mutum biyu da suka mutu a fagen fama. Na farko ya yi yaƙin da sahabbai suka yi ta yabo, da ciwo ya tsananta sai ya kafa takobinsa a ƙasa ya danna ƙirjinsa a kai, aka ce ɗan wuta ne. Na biyu Amiru ɗan Akwa'u ne a Khaibar, ya kai sara takobinsa ya dawo ya same shi. Mutane suka fara cewa aikinsa ya ɓaci, Annabi ya ce lada biyu gare shi. Dukansu da makaminsu suka mutu, ɗaya da gangan, ɗaya bisa kuskure. Ga kuma ayar Suratun Nisa'i da ta ce kada ku kashe kawunanku.

Muhawarar zamani ta yi ƙarfi ne bayan Bairut a 1983, inda mota maƙare da bam ta kashe sojojin Amurka 241, sannan Falasɗinu daga 1994, bayan wani Bayahude ɗan kama wuri zauna ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Khalil. Shaikh Yusuf Ƙardawi, Allah ya jiƙansa, ya halatta wa Falasɗinawa, ya kira shi neman shahada, ya ce mutanen da aka mamaye ba su da jirgi ba su da tanka sai jikinsu. Shaikh Usaimin ya ce kashe kai ne. Muftin Saudiyya na lokacin, Abdul'aziz Alus Shaikh, ma a 2001 ya ce bai san masa hujja a shari'a ba, yana tsoron ya zama kashe kai.

Zan yi wa Ƙardawi adalci. Ya taƙaita fatawarsa ga Falasɗinu, ya yi tir da harin 11 ga Satumba, daga baya kuma ya ce lalurar ta kau tunda Falasɗinawa sun sami wasu makamai. Kuma wallahi zuciyata tana ƙuna da abin da ake yi wa mutanen Gaza kamar ta kowane Musulmi. Sai dai fatawa idan ta fita daga bakin malami ba ta tafiya da sharuɗɗanta. Matashi ya riƙe kalmar "ya halatta", ya bar "a wuri kaza, bisa lalura kaza". Haka aka yi da maganar Imam Gazali kan maƙiyan da suka yi garkuwa da fursunonin Musulmi. Shi ya gindaya cewa sai lalurar ta zama tabbatacciya kuma ta shafi al'umma baki ɗaya, amma yau da ita ake kafa hujjar tayar da bam a kasuwa.

Mu a nan ba labari aka ba mu ba. Ranar 16 ga Yuni 2011 aka fara kai irin wannan hari a hedkwatar 'yan sanda a Abuja, a watan Agusta aka kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekara uku bayan nan, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Kano ana tsaka da sallah, masu gudu kuma aka bi su da harsashi, sama da mutum 100 suka rasu. A Gwoza a watan Yunin 2024 mata aka tura wurin bikin aure, da asibiti, da jana'izar waɗanda aka kashe. Mu da muka taso da Muwaɗɗa Malik a zaurukanmu, a ciki muka karanta wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya. Bam ba ya tantance ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa ake ɗaura wa jigidar. Duk littattafan masu halattawa suna magana ne a kan baligi mai hankali da ya zaɓa da kansa. A Disambar 2014, bayan harin Kantin Kwari, 'yan sanda sun gabatar da yarinya 'yar shekara 13 da ta ƙi danna nata. Ta shaida wa 'yan jarida cewa mahaifinta ne ya kai ta wurin 'yan Boko Haram, kuma an ce mata idan ta ƙi za a binne ta da rai. Yau da daddare in Allah ya kai mu, labarinta zan fara ba ƙanena kafin mu buɗe kowane littafi, in ce ya nuna mini malamin da ya yi saɓani a kanta.