A nema musu makwanci kafin hunturu

Na ji labarin wani gangami da aka yi. Allah Ya saka wa masu shi da alheri, da suka taru suka yi wa marasa matsuguni da suka rasu addu'a, suna neman a kawo ƙarshen kwana a titi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Mu nan Gombe ba sai an ba mu labari ba. Duk wanda ya bi ta Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa bayan sallar isha zai ga bayin Allah kwance a kan kwali a gindin rumfuna, har da dattawan da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe. Disamba da Janairu ne abin tsoro. Tsoho mai tari ya kwana a ƙasa ba bargo, da safe a tarar rai ya yi halinsa, a yi masa sutura ba wanda ya san danginsa balle a sanar da su. Wallahi abin yana ci mini rai.

A 2023 an kafa hukumar almajirai ta ƙasa, madalla, amma ita karatu ta sa gaba. Ina roƙon masu unguwanni da limamai su ƙidaya masu kwana a waje, su miƙa wa gwamnatin jiha, a kuma ware wani kaso na zakka a kama musu ɗakunan haya.