Batirin sola: ba kullum laifin mai shago ba ne

Jama'a, yawancin baturan sola da ke mutuwa kafin shekara biyu, masu su ne ke kashe su. Jabu na nan a kasuwa, ban musa ba, amma rashin sanin aikin kowane batir ya fi jabun ɓarna.

Batirin mota dai a bar shi a mota. Faifan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu a ta da inji, sai caji ya mayar masa nan take. In ka ɗora masa fanka da talabijin har asuba, 'yan watanni zai yi ya sallama.

Na sola da muka fi sani shi ne tubula, mai shan ruwa, sai busasshe wanda ba a buɗewa. Dukkansu 'yan gidan dalma ne, kuma dokarsu ɗaya: kada a sha fiye da rabin abin da ke ciki. Ga lissafin. Batir mai 12V da 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke iya riƙewa) yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma rabonka 1,200 ne kacal. Fanka biyu wat 140, talabijin 60, ƙwan fitila biyar 50, ka ga 250 ke nan. In an cire abin da inbata ke ci, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, awa huɗu za ka samu, ko da ɗan ɗoriya. Wanda ya ja shi awa takwas har inbata ta yi kuka ta ɗauke, kwanakin batirin yake ci. Ka auna shi da mita bayan ya huta: 12.6V zuwa 12.7V a cike yake, wajen 12.1 ya kai rabi, a nan ake tsayawa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne barin sa ba cikakken caji. Mutum ya sayi batura huɗu ya haɗa su da faifan sola biyu, don kuɗi sun ƙare a kan batir. Kullum rabi-rabi suke kwana. Wani farin gishiri yakan taru a jikin dalmar ya daskare, daga nan batir ya riƙa nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya sauka cikin minti talatin. Mai 200Ah yana son caji wajen am 20, kuma ya cika taf a kai a kai. Gara batir biyu masu ƙoshi da huɗu masu yunwa.

Tubula kuma a duba ruwansa duk wata, musamman da bazara. Tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa, ban da na rijiya, na famfo ko fiya wata, kuma ban da asid. Yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a kulle shi a ɗakin kwana. Zafi ma maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri goma sama da 25 yana iya raba kwanansa biyu, to ka ƙiyasta halin wanda aka ajiye ƙarƙashin kwano a Sakkwato cikin Afrilu. Kada a haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Litiyam, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, a ganina shi ne mai araha duk da tsadarsa. Ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji da saukewa sau dubu uku ko fiye, ba ruwa, ba nauyi. Sai dai rayuwarsa tana hannun allon kariyar da ke ciki, wato BMS, sannan dole a saita inbata a kan litiyam. Hatsarin yana wajen waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta a rufe cikin akwati mai sheƙi. Ba irinsu ɗaya ba, kuma waɗannan sun fi saurin kama wuta in sun yi zafi.

In dalma za ka saya, ka nemi a ɗora shi a sikeli. Tubula mai 200Ah na gaske yakan kai kilo sittin. Wanda yaro ya ɗauko maka da hannu ɗaya, lambar jikinsa fenti ce kawai.