Sanatanmu ma a rediyo yake jin labarin ECOWAS

Lokacin da aka rufe bodar Nijar a 2023, kawuna da ke Jibiya ya kira ni ta WhatsApp, ko gaisawa bamu gama ba ya ce, wai kai ɗan nan, ku ma can haka ake yi muku, manya su shiga ɗaki su fito su ce an toshe muku hanyar abinci? Na ce kawu ai mu ma nan Beljiyam muna da namu manyan na Tarayyar Turai a Burasel da ke yanke hukunci kan ƙasa 27, sai dai akwai ɗan bambanci. Ban iya yi masa bayani a waya ba, abin kuma ya tsaya min a rai.

Ina nan ƙasar a Oktoban 2016 lokacin da majalisar yankin Waloniya, yankin da mutanensa basu kai miliyan 4 ba, ta ce bata yarda da yarjejeniyar ciniki tsakanin Tarayyar Turai da Kanada ba. Shikenan fa, komai ya tsaya cak. Firaministan Kanada ya shirya zuwa sa hannu ranar 27 ga wata, dole aka ɗage sai 30 ga wata bayan an lallashe su an ƙara musu wasu bayanai a rubuce. Ni da na taso a inda majalisar jiha ko tari bata yi sai gwamna ya yarda, wallahi da farko na ɗauka wasa ne.

Amma kar wani ya ce na zo yabon Turawa, don abin da suka fi tinƙaho da shi ma ni a ganina bashi da wani ƙarfi. Tun da yarjejeniyar Lizbon ta fara aiki a Disambar 2009, duk dokar da Hukumar Tarayyar Turai ta tsara sai ta aika wa majalisun ƙasashe, suna da sati 8 su duba ko Burasel ta shiga gonar da ba tata ba, wato abin da ƙasa zata iya yi da kanta. Kowace ƙasa ƙuri'a 2 gareta, in ƙorafin ya kai kashi ɗaya cikin uku sai a ce an ɗaga yalon kati, kamar dai a ƙwallo. An ɗaga a 2012 kan dokar da ta taɓa yajin aiki, hukumar ta janye. An ɗaga a 2013 kan ofishin mai gabatar da ƙara na Turai, an sake a 2016 kan ma'aikatan da ake turawa aiki wata ƙasa, duka biyun nan hukumar ta ce ta ji amma tana nan kan bakanta. Alƙalin wasan da zai ɗaga kati ɗan wasa ya ce na gani ya ci gaba da gudu, kaga ai da sauran magana.

Abin da ya fi burge ni na Denmak ne, kuma ba wata doguwar doka bace, al'ada ce da suka riƙe tun shigarsu ƙungiyar a 1973. Kafin minista ya tafi Burasel yanke wata shawara mai nauyi sai ya zauna gaban kwamitin majalisa mai kula da harkokin Turai, yawanci ranar Juma'a, ya faɗa musu ga matsayar da zan je da ita, in masu rinjaye suka ce a'a to ba zai je da ita ba. Kafin a tafi ake tambaya, ba bayan an dawo ba.

To mu dawo gida. Sojoji sun kifar da Bazoum 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja 30 ga Yuli suka sa takunkumi, a rufe boda, wa'adin sati ɗaya. Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Wasiƙar Tinubu kan matakan da za a ɗauka a kan Nijar sai 4 ga Agusta aka karanta ta a majalisar dattawa, lokacin motoci sun riga sun yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari. Gaskiya sanatocin arewa sun yi magana, sun tuna wa kowa jihohi 7 ne ke iyaka da Nijar, washegari kuma majalisar ta ce a bi ta sulhu ba yaƙi ba, wannan na yaba musu. Amma meyasa bakinsu ya yi tasiri a nan? Don tsarin mulkin 1999 ya ce ba a tura soja yaƙi waje sai da yardar majalisar dattawa. Rufe boda da yanke wuta, waɗanda su ne suka shiga tukunyar talaka daga Katsina har Maraɗi, ba wanda ya nemi ƙuri'arsu.

Wani zai ce ai akwai majalisar ECOWAS a Abuja. Akwai, kujeru 115 kafin Nijar da Mali da Burkina Faso su fice, Najeriya 35 Nijar 6, amma kai ka taɓa zaɓen ɗaya daga cikinsu? Daga majalisun ƙasashe ake ɗebo su, kuma ƙarfin gaske yana hannun taron shugabanni. Turawa tun 1979 suke zaɓen nasu kai tsaye, duk da haka basu ce majalisar gida ta sakar musu komai ba.

Ni bana neman a kwaso mana kati yalo ko ja. Sashe na 12 na tsarin mulki ya riga ya ce yarjejeniya bata zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka, matsalar dai sai an gama sa hannu ake tunawa da shi, kamar yadda sanatoci suka tashi da hayaniya kan yarjejeniyar miƙa wa Kamaru yankin Bakassi a 2007 alhali tun 2006 aka sa hannu. Kwamiti ɗaya nake so, wanda ministan harkokin waje zai zauna gabansa kafin taron ECOWAS ya faɗi abin da za a je a amince da shi da sunanmu, a samu ko mutum ɗaya daga garin boda ya tambaye shi masu kai gero da albasa ya zasu yi.

Da aka tashi buɗe bodar a Maris 2024 sanarwa ce kawai ta fito daga fadar shugaban ƙasa. Kawu a rediyo ya ji, kuma ina kyautata zaton sanatansa ma a nan ya ji.