Ƙafar Firet da Azurfar Alhaji Ƙwauro

A wurin gyaran kayan kiɗa, jita tana kwance a kan tebur an lulluɓe wuyanta da ƙyalle, bayan an cire tsirkiyoyinta an kuma zare tsofaffin ƙarafan da ke gicciye a wuyan, waɗanda masu sana'ar ke kira firet. A gefe akwai katako mai ramuka 22 inda ake jera sababbin firet ɗin, kowane rami da lambarsa. Azarɓaɓi, yaron Malam Gwani, yana riƙe da awartaki. Sai ga mai jitar ya yi sallama.

ALHAJI ƘWAURO: Malam Gwani, sababbin ƙarafa na ce a sa wa jitata, amma tun daga bakin ƙofa nake hango yaronka yana gutsure su kamar gara ta samu littafi. Wane laifi suka yi masa?

MALAM GWANI: Ni na sa shi, Alhaji. Wuyan jitarka yana da ɗaurin gefe, wato siririyar farar robar nan da aka manna a gefe biyu na allon da yatsu ke dannawa. A jitar da ba ta da shi, tsagar da firet ke shiga tana ratsa allon har waje, amma a taka ɗaurin ya toshe bakin kowace tsaga ta dama da ta hagu. Shi kuwa firet yana da doro, wanda tsirkiya ke taɓawa, da kuma siririyar ƙafa mai ƙananan haƙora wadda ke nutsewa cikin katako. Saboda haka dole a datse ƙafar kaɗan a kowane ƙarshe domin ta samu wurin zama tsakanin ɗaurin biyu, shi kuma doron a bar shi da tsawonsa ya hau kan robar.

ALHAJI ƘWAURO: Wato da ƙafarsa cikakkiya na saye shi, kai kuma za ka mayar mini da shi gurgu.

AZARƁAƁI: Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne mai yawa, ɗan gutsuren azurfar nikel ne kawai yake faɗuwa.

ALHAJI ƘWAURO: Tsaya, yaro. Azurfa ka ce?

MALAM GWANI: Suna ne kawai, Alhaji, saboda launinsa. Wannan ƙarfe haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya da nikel, wanda a wayar firet yakan kai kashi 18 cikin 100, kuma babu ko ƙwayar zarra ta azurfa a cikinsa.

ALHAJI ƘWAURO: Duk wanda ya yi niyyar cinye wa mutum azurfa, abin da yake fara gaya masa ke nan. Ƙarafa 22, kowane da baki biyu, gutsure 44 ke nan, kuma ba zan bar wurin nan ba sai an ƙirga mini su a tafin hannu. Yaro, ɗauko tsintsiya. Kai kuma, Malam, ci gaba da bayani ina jinka, domin tsofaffin da ka cire ban ga sun hau kan roba ba.

MALAM GWANI: Ka lura da kyau. Wancan aikin masana'anta ne irin na kamfanin Gibson mai ƙera jita, inda ake fara kafa firet a yanke bakinsa daidai da allo, sannan a manna ɗaurin, a kankare shi tsakanin firet da firet, a bar ɗan tsiro na roba a ƙarshen kowane ɗaya. Idan aka zo sauya ƙarafa, mafi yawan masu gyara sukan goge tsiron nan su bar doro ya haye ɗaurin, domin hakan yana ƙara wa tsirkiyar gefe fili kuma ba ta maƙalewa tsakanin ƙarfe da roba.

ALHAJI ƘWAURO: Su ma tsiron da ka goge, ina garinsu?

MALAM GWANI: Iska ta riga ka, Alhaji. Abin da ya ci mini yini guda ma shi ne share tsagogin. Zarto na yau da kullum ba ya aiki a nan, domin kafin ka ja shi sau biyu ya yanka ɗaurin, don haka da ɗan ƙarfe mai ƙugiya na bi kowace tsaga ina ƙwaƙulo tsohon gam, musamman a kusurwa inda katako ya haɗu da roba. Faɗin tsagar bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, kuma idan datti ya rage mata zurfi, ƙafar za ta taka ƙasa ta bar doron a sama, tsirkiya ta yi ta zuzza kamar ƙudan zuma.

AZARƁAƁI: Maigida, ka manta ba ka gaya masa maganar magagari ba, wadda jiya ka ja mini kunne a kanta sau uku.

MALAM GWANI: Ashe ta shiga. Awartakin da aka ƙera domin wannan aiki yakan bar ɗan kututture a ƙarƙashin doro, kuma sai an bi shi da magagari ya yi sumul, in ba haka ba bakin firet zai ɗage ya riƙa yankar hannun mai kaɗawa. Bayan haka akwai lanƙwasa. Allon jitarka ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan tudu a tsakiya kamar an yanko shi daga da'irar da ke da inci 12 daga tsakiya zuwa baki, saboda haka ake lanƙwasa wayar ta ɗan fi allon tudu. Da ƙaramar guduma mai kan tagulla ko roba ake fara zaunar da gefe biyu, sannan a bi zuwa tsakiya a hankali, yadda haƙoran za su zame su kama katako. Daga nan sai ɗigon gam a ƙarƙashin bakin, a yanke rarar, a karkata bakin da magagari, a daidaita tsayinsu duka, a goge su yi ƙyalli.

ALHAJI ƘWAURO: Arba'in da ɗaya, arba'in da biyu, arba'in da uku. Malam Gwani, 43 ne. Na ƙirga daga dama, na sake ƙirgawa daga hagu, kuma ɗaya ya yi ɓatan dabo. Yaro, juyo da aljihunka.

AZARƁAƁI: Wallahi, ranka ya daɗe, ban ɗauki kome ba. Na 44 yana nan cikin amana, a jikin jitarka ma yake.

MALAM GWANI: Azarɓaɓi, me ya sa ramin lamba 9 babu kome a cikinsa, alhali na ce kada a taɓa wuyan nan sai na dawo?

AZARƁAƁI: Maigida, na ga kullum kai kaɗai kake wahala da guduma, sai na ce bari in rage maka ɗaya. Na datse ƙafar gefe guda, sai hankalina ya tafi, na ɗora shi a kan tsaga. Da farko ya yi gardama ya ƙi shiga, amma da na ɗauko babbar gudumar da muke kafa ƙusa da ita na yi masa magana sau biyu, sai ya fahimta.

Malam Gwani ya yaye ƙyallen. A daidai firet na 9 farar robar ta tsage ta buɗe baki, ƙafar ƙarfen tana leƙowa ta cikinta.

MALAM GWANI: Inna lillahi! Yanzu sai an ɗumama wannan firet an zare shi a hankali kada haƙoransa su ɓantaro katako, a mayar da ɗaurin a manne shi, a jira ya bushe, a kankare shi ya koma daidai, sannan a yanko sabon firet, domin wannan ya lanƙwashe ya tashi daga aiki.

ALHAJI ƘWAURO: Sabo kuma? To shi ma sabon za a datse masa ƙafa biyu ke nan?

MALAM GWANI: Dole ne, Alhaji.

ALHAJI ƘWAURO: Alhamdu lillahi. Ke nan gutsure 45 nake bi, da cikakken firet guda mai ƙafa ɗaya da rabi. Yaro, miƙo mini kujera, kuma ka ajiye waccan gudumar kusa da kai, domin akwai sauran 21.