Kafin ku danna maɓallin ribas: nasiha ga ƙannenmu masu aikin rumbun bayanai a Sakkwato

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman waɗanda suka fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko kwalejin kimiyya da fasaha suka faɗa aikin kwashe bayanai daga wata ma'adana zuwa wata. Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a cikinku. Mutum ya buɗe Oracle Data Integrator (ODI), manhajar da ake wannan aiki da ita, ya ƙirƙiri model, wato wurin da ODI ke ajiye fasalin tebura, ya danna maɓallin ribas, ya ga tebura sun jeru a gefen hagu, sai ya miƙe ya ce ya gama sanin rumbun. Bai gama ba. Abin da ODI ya kwaso masa shi ne abin da ma'adanar ta faɗa game da kanta, shi ma gwargwadon abin da asusun da ya shiga da shi yake iya gani.

Ribas a nan ba na mota ba ne. Kwaso fasalin rumbu ne zuwa cikin taskar ODI: sunayen tebura, ginshiƙansu, nau'in abin da kowane ginshiƙi ke ɗauka, tsawonsa, da makullan da suka ɗaure wannan tebur da wancan. Ko layi ɗaya na ainihin bayanan ba ya tasowa. A kan wannan fasali ODI zai rubuta duk SQL ɗin da zai yi lodi da shi, don haka in an kwaso shi a karkace, duk abin da aka gina a kansa a karkace zai tsaya. Tun ran gini tun ran zane.

Ku fara da Topology, sashen ODI da ake saita haɗi da ma'adanai, kada ku yi gaggawa a wurin. Sikimar zahiri (physical schema), wato saitin da ke nuna wa ODI ainihin wurin tebura a ma'adana, tana tambayar ku wuri biyu: inda bayanai suke, da inda ODI zai riƙa zuba teburansa na wucin gadi. Da yawanku kan ba su suna ɗaya saboda ƙyuya. Sakamakon haka teburan C$_ na ɗauko kaya, da I$_ na haɗawa, da E$_ na tara kurakurai su cakuɗe da teburan rumbu, ribas na gaba kuma ya kwaso su duka kamar su ma 'yan gida ne. Ku roƙi mai kula da ma'adana ya buɗe muku sikimar aiki daban. Sannan ku duba mahallin (context) da model ɗinku zai yi ribas a cikinsa, domin sikimar suna (logical schema, laƙabin da model ke kiran sikimar zahiri da shi) guda ɗaya tana iya nuna ma'adanar gwaji a wannan mahalli, ta nuna ta aiki a wancan. In kun kwaso fasali daga ta gwaji wadda aka ƙara wa ginshiƙi biyu da ba su kai ta aiki ba tukuna, ranar lodi na gaske kuskuren ORA-00904, mai cewa ba a san ginshiƙin ba, zai tarbe ku.

Maganar asusu ma haka. ALL_TABLES da ALL_TAB_COLUMNS, jerin tebura da ginshiƙai a ƙamus ɗin ma'adanar Oracle, ba sa nuna wa mutum sai abin da aka ba shi izini a kai. In rumbu na da tebur 180, asusunku na ganin 140, ODI zai kawo 140 ya yi shiru, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Kafin komai ku sa mai kula da ma'adana ya ƙirgo muku adadin daga DBA_TABLES, ku gwama da naku. Izinin karantawa ya ishe ku wannan aiki. Kada ku nemi asusun SYSTEM na masu kula da ma'adana don ku huta da tambaya.

Hanyar ribas biyu ce. Ta gama-gari tana bi ta direban JDBC, manhajar da ke haɗa ODI da ma'adana, ta tambaye shi abin da ya sani. Tana da sauri, kuma ita ce ke ba ku damar zaɓen tebura ɗaya bayan ɗaya a shafin Selective Reverse-Engineering. Ta musamman kuwa RKM take amfani da shi, wato shiryayyen tsarin umarnin ribas, wanda wakilin ODI (agent) ke gudanarwa: ya share teburan SNP_REV na taskar aiki, ya karanto ƙamus ɗin ma'adanar kai tsaye ya cika su, sannan ya juye cikin model. Ga rumbun da aka rarraba manyan teburansa wata-wata, ta musamman ce taku, domin ta gama-gari ba ta kwaso waɗannan rabe-raben. Haka kuma direban Oracle ba ya miƙo bayanin da magina suka rubuta a kan tebura da ginshiƙai sai an kunna masa remarksReporting, alhali wani lokaci wannan ɗan rubutu shi ne kaɗai abin da wanda ya gina rumbun ya bari kafin ya koma Abuja.

Wajen tace sunaye, ku tuna alamar kaso (%) tana nufin komai, ƙaramin layin ƙasa (_) kuma yana nufin kowane harafi guda. Wanda ya rubuta W_% yana zaton teburan da suka fara da W da layin ƙasa zai samu, sai ya ga duk abin da ya fara da W ya shigo. Ku kuma duba irin abubuwan da kuka yi wa alama: in rahotanni daga view (tambayar SQL da aka ajiye ana karanta ta kamar tebur) ko synonym (laƙabin wani tebur) suke karantawa, ku kuma tebur kaɗai kuka zaɓa, ba za su zo ba.

Yanzu ga inda nake so ku zauna ku natsu, wato nau'in ginshiƙai, domin nan ne harshenmu da kuɗinmu ke shigowa.

A ce rumbun wani dillalin taki ne mai rassa a Illela, Bodinga da Tambuwal. Ginshiƙin sunan manomi VARCHAR2 ne mai tsawon 30. Talatin na me? Haruffa ko bayit? ODI zai nuna muku 30 kawai, ku kuma ku ɗauka haruffa ne. In tsarin haruffan ma'adanar AL32UTF8 ne kuma an gina ginshiƙin da ma'aunin bayit, to kowane ɗ, ƙ, ɓ bayit biyu yake ci. Alamar naira bayit uku. Lanƙwasasshiyar waƙafin sama da wayoyi ke sakawa a sunaye irin su Sa'adatu ko Mu'azu ita ma uku. Suna mai harafi 29 da ke ɗauke da ƙ biyu ya zama bayit 31, lodi ya tsaya da kuskuren ORA-12899, mai cewa abin ya fi ginshiƙin tsawo. Abin haushin shi ne gwajinku zai wuce lafiya muddin da Musa da Bello kuka gwada, sai ranar da Ɗanladi mai dogon suna ya shigo. Ku buɗe ALL_TAB_COLUMNS ku dubi CHAR_USED: B na nufin bayit, C na nufin harafi. Ku gwama DATA_LENGTH da CHAR_LENGTH. Aikin minti biyar ne.

NUMBER da aka bari babu iyaka shi ma tarko ne. A ƙamus DATA_PRECISION ɗinsa fanko yake, direba kuma kan ba da wani adadi da ba shi da ma'ana, har ya ce sikelinsa -127. In ODI ya gina teburin wucin gadi a wata fasahar da wannan adadi, ko dai ginin ya faskara, ko a datse kobo a bar naira ba wanda ya lura, sai akawu ya zo haɗa lissafin ƙarshen wata. Ku tambayi ainihin abin da ke cikin ginshiƙin, ku sa iyakar da hannunku. Lambar waya, NIN da BVN kowacce lamba 11 ce, amma ba lissafi ake yi da su ba; in kun ga an ajiye lambar waya a NUMBER, ku san sifirin farko ya riga ya tafi. DATE na Oracle kuwa har da awa, minti da daƙiƙa yake riƙewa, don haka haɗa shi da teburin kwanaki ba tare da TRUNC mai datse lokaci ya bar kwanan wata ba zai zubar muku da duk cinikin da ba a yi shi da sha biyun dare daidai ba.

Sai makullai. Rumbun bayanai ba kamar ma'adanar aikin yau da kullum ba ne. Maginansa sukan ƙi saka makullan haɗi tsakanin teburin ciniki da teburan bayani, ko su saka su a kashe, don lodi ya yi sauri. View kuma galibi ba ta da babban makulli ko kaɗan. Ribas ba zai ƙago abin da babu ba. Ku za ku shiga model ku ayyana makullan, ku cire alamar da ke cewa suna cikin ma'adana, domin CKM, tsarin ODI na binciken kaya, da su yake tace kaya ya ware gurɓatattu cikin E$_, IKM mai sabuntawa kuma, wato tsarin da ke zuba kaya cikin tebur, da makulli yake gane layin da zai gyara da wanda zai ƙara. Kafin ku ayyana wani ginshiƙi makulli, ku ƙirga da GROUP BY da HAVING ku tabbatar ba ya maimaituwa. Gani ya kori ji.

Teburin bayani mai ajiye tarihi ya fi kowanne buƙatar hannu. Manomi ya tashi daga Wurno ya koma Goronyo. Rumbu zai rufe tsohon layinsa ya buɗe sabo, lambar manomi ɗaya, layi biyu. Ƙamus ɗin ma'adana bai san wane ginshiƙi ne makullin asali (lambar manomi) ba, wane ne na aro (lambar da rumbu ke ba kowane layi), wane ne tutar layi mai ci, wane ne ranar farawa da ranar ƙarewa. Ginshiƙi bayan ginshiƙi za ku bi ku saita wannan ɗabi'a. Wanda ya tsallake matakin ya haɗa da lambar manomi kawai, buhunan taki za su ninka a rahoto, kuma ba kuskuren da zai fito a Operator, sashen ODI da ke nuna sakamakon lodi.

Ribas na biyu da na uku su ne suka fi cin mutane. ODI yana ƙara sabon abu, amma ba ya goge tsohon: ginshiƙin da aka cire daga ma'adana yana nan zaune a model ɗinku, wanda aka sauya wa suna kuma ya zama biyu, tsoho da sabo. Gyaran tsawo da nau'i da kuka yi da hannu ma yana iya komawa yadda direba ya faɗa. Don haka kafin kowane sabon ribas ku fitar da model ɗin zuwa XML ku ajiye da kwanan wata, ku zaɓi teburan da suka canza kaɗai, bayan an gama ku gwama ginshiƙan kowanne da ALL_TAB_COLUMNS, ku duba inda ake amfani da matattun kafin ku goge su. In kuna aiki mutum uku a taska ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe wannan aiki, sauran su sanar da shi in suna son sabon tebur.