Yadda zanena ya kashe rigimar fili a bayan Bukuru

Shekara da shekaru ina sayar da fenti a Jos, na bango da na ƙarfe da na katako, bokiti-bokiti. Saboda haka da 'yata ta zo mini da labarin wani horon zanen duwatsu da filaye, wai can ake kwana can ake ci, kuma ta riga ta biya kuɗin don hawan jinina ya sauka, ban yi musu ba. Mutumin da ya yi furfura a cikin fenti wa zai koya masa fenti? Na ce zan je in huta, in malamar ta kakare kuma in agaza mata.

Takardar tallan ta ce a tsibiri za a yi. Jos da ke kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, ina ta samo tsibiri? Sai da muka wuce Bukuru, mota ta bar kwalta ta hanyar Barkin Ladi, na ga amsar da idona. Tsohon ramin haƙar kuza ne, irin waɗanda kamfanonin Turawa suka bari, ruwa ya cika shi ya yi kore shar. A tsakiya akwai tarin ƙasar da aka tono, itatuwan turare sun rufe ta, an kafa 'yan bukkoki a ƙarƙashinsu. Na tambayi mai kwalekwale zurfin ruwan, ya ce, "Baba, wanda ya je ya gani bai dawo ya faɗa ba." Na ɗaura rigar hana nitsewa a kan babbar riga, na riƙe hulata, ban sake cewa uffan ba sai salati.

Malamarmu yarinya ce, sa'ar 'yata, ta karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗalibai kuwa an haɗa gambiza: wani fasto mai ritaya, 'yan bautar ƙasa, wata tsohuwar nas, da wata Hajiya daga Abuja wadda ta fi ɗaukar hoton kanta da buroshi a hannu fiye da tsoma shi a ruwa. Aka raba kayan aiki. Fentin da aka ba ni duka-duka a cikin 'yar gwangwani yake, kowane launi bai wuce ƙwayar magi ba. Na zaro buroshina mai inci huɗu da na taho da shi daga shago. Malama ta dube shi ta ce, "Baba, ajiye wannan tukuna, takarda za mu yi wa zane, ba katanga ba."

Daga nan muka fara saɓani, kuma har gobe ina kan bakana. A fentin ruwa, in ji ta, da launi mai haske ake farawa, mai duhu ya biyo baya, domin in duhu ya hau takarda ba ya sauka. Babu farin fenti. Inda kake son fari, sai ka bar takardar yadda take. Dutsen da ke nesa kuma a yi shi da shuɗi-shuɗi mai rauni, na kusa ne ake ba ƙarfi. Na ce, "Malama, a sana'armu duk wanda ya bar wuri bai shafa ba, maigida ba zai biya shi ba." Na bi takardata na shafe ta daga kusurwa zuwa kusurwa, na jira ta sha iska, na ƙara shafe na biyu kamar yadda aikin kirki ya gada. Takardar ta kumbura ta lanƙwashe. Laifin takarda ne, ba ta da nauyi.

Ga hunturu. Wanda bai yi alwalar asuba a tsakiyar ruwa a kan tudun Filato cikin watan Disamba ba, kada ya ba ni labarin sanyi. Iskar tana busar da fenti a bakin buroshi tun kafin ya isa takarda. Dutsen da aka ce mu zana kuwa hazo ya haɗiye shi, sai wajen hantsi yake leƙowa. Abinci gwaten acca da safe, dankalin Turawa da rana, da dare dankalin ya dawo da wata shiga. Sai haɗa launi: shuɗi da rawaya su ba ka kore, wannan ko yaron shagona ya sani. Amma ni koren kerana nake nema, wadda manoman wajen suke shinge gonakinsu da ita, na ɗiga ja kaɗan don ya nuna, na ƙara shuɗi don ya gyaru, na ƙara ja. Abin da ya fito launin taɓo ne. Na duba ƙasar wurin, ai ita ma kusan haka take, sai na yi amfani da shi a ko'ina.

Abin da ya jawo mana magana shi ne awo. Malama ta koya mana a miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, a rufe ido ɗaya, a auna tsayin dutse da babban yatsa, sannan a kwatanta da faɗinsa. To ku dubi yadda abin yake daga tsallaken ruwa: baƙi sun jeru a bakin gaɓa, kowa da katako mai ƙafa uku a gabansa, ido ɗaya a rufe, ana nuna gonakin mutane ana rubutawa a takarda. A Filato ba a wasa da maganar ƙasa. Kakannin mutanen nan sun ga yadda aka zo da awo, gona ta koma rami, kuma ramin ne muke zaune a tsakiyarsa.

Kafin azahar sai ga kwalekwale cike da samari, mai unguwa a gaba da sandarsa. Aka gaisa gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Ya ce wa ya aiko masu safiyo, kuma nawa aka sayar da su ba su sani ba? Malama ta yi bayani har muryarta ta fara rawa. Ya ce shi takardu zai gani.

Ya fara da na fasto, wanda hannunsa ya faɗa ƙwarai. Nan fuskar mai unguwa ta ƙara ɗaurewa, don ga gonarsa, ga shingen kerana, ga rumbu, har kwanon ɗakin ƙaninsa da ya yi tsatsa. Samari suka fara gunaguni. Hajiyar Abuja ta ɓoye waya a jaka. Sai ya iso kaina.

Ya ɗauki takardar ya duba. Ya juya ta ƙasa ta koma sama. Ya miƙa wa wani saurayi, shi ma ya juya.

"Alhaji, wannan fa?"

"Dutsen can ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi dutsen, ya dubi takardar, ya sake duban dutsen. Ya sa yatsa a kan wani abu a gefe.

"Wannan motar wa ce?"

"Saniya ce. Tafiya ta yi kafin in gama ƙafafun."

Dariyar da dattijon nan ya yi sai da ya dafa kafaɗata. Ya juya ga samarinsa ya ce su koma gona, in dai da irin wannan takarda za a ƙwace ƙasarsu, to a bar mu mu yi ta awo har damina. Na fasto dai ya naɗe ya sa a aljihu, ya ce gara ta kwana a wurinsa.

Ranar sallama Malama ta roƙe ni in bar mata zanen. Ta sa shi a leda saboda raɓa, ta kafa shi da ƙusa a jikin bishiya, daidai inda kwalekwale yake tsayawa a tsallake, don duk wanda zuciyarsa ta raya masa wani abu game da ɗalibai masu zuwa ya fara tsayawa ya duba. Cikinmu duka, har da faston, aikina ne kaɗai jama'a ke zuwa kallo.